Rigar Alhaji Issaka

Ku da kuke cewa zuba wa sarƙar babur mai ba aiki ba ne, da ku nake. Ran nan na ji ɗayanku yana cewa ko makaho zai iya. Zai iya mana. Zai zuba, man ya sauka ƙasa, masu gida su kore shi, shi ke nan.

Kullum kuna ɗaukar yankakken galan ɗin nan ku rataya a ƙarƙashin sarƙa. Robar da ke tsaye a bayansa kuna ce mata rigar Alhaji, don kun ji haka nake ce mata. Ba wanda ya taɓa tambayata wane Alhaji ne. To ku ajiye wayoyin nan ku ji.

A Abossey Okai na koyi aiki, wajen Masta Salifu, mutumin Bawku. Ranar da aka kai ni bai ba ni sufana ba, bai tambayi sunana ba. Hannunsa na dama ya ɗaga mini. Yatsu biyu babu.

Ya ce, "Sarƙa ce ta ci. Inji na aiki, na sa tsumma."

Karatun ranar ke nan. Daga nan ya ba ni gwangwanin tumatir da kananzir a ciki, da tsohon buroshin haƙori, ya nuna mini sarƙoƙi. Na daɗe ban taɓa komai ba sai su. Inji a kashe. Babur a kan ƙafar tsakiya, tayar baya a sama. Ka juya taya da hannu, ka wanke, ka bari ta tsane. Mai kaɗan, ta cikin sarƙa, a layin ƙasa, ba ta baya ba. Ka goge abin da ya yi saura. In an zo ɗaurewa, Masta ya ce sakin sarƙa kada ya wuce faɗin yatsa biyu. Shi ba shi da su, sai ya ari nawa.

A wajensa ƙasa ce, baƙa wulik, ta sha mai tun kafin a haife ni. Ba wanda ya damu da inda ɗigo ya faɗi. Da wannan halin na fito, na kafa rumfata a bakin babbar gota a Nima. Mai ya ɗiga ƙasa, ruwan sama ya kwashe ya kai gota. Ni da gota ba mu taɓa faɗa a kan wannan ba.

Akwai wani babur da ba na mantawa, na Dramani mahauci. Ya turo shi da hantsi, ya ce sarƙa tana kuka. Na durƙusa, sai wari. Kiyashi sun yi layi a kan ƙarfe, karnuka biyu sun biyo shi tun daga mayanka suna jira.

Na ce, "Me ka shafa mata?"

Ya ce, "Kitse. Na saniya, mai kyau paa."

"Saniya ce ta ce ka yi haka?"

"Masta, mai mai ne."

Na wanke ta da kananzir har hannuna ya yi fari. Tun ranar ya zama mai kawo mini aiki, kuma tun ranar bai daina halin nan ba. In bai sami kitse ba, baƙin man da aka juye daga inji yake kwarara mata. Haka yaran okada ma suke yi a kowace mahaɗa: su ɗaga babur, su kunna, su sa giya, su tuttula baƙin mai taya na gudu. Suna ganin sauri ne. Ni na ga hannun Masta Salifu.

Sai shekarar da ruwa ya yi mana ta'adi. Gota ta cika ta haura. Na zo da safe ban ga rumfa ba, ban ga akwatin kayan aiki ba, ban ga bencin da nake zama ba. Abin da ya rage sufana ɗaya da filaya, don a aljihuna suka kwana. Kafin in haɗa katako in sake kafawa, masu rusau suka zo suka ce ba mai sake zama a bakin gota. Na koma yawo da jaka a kafaɗa. In na durƙusa a ƙofar shagon wani, kafin in kwance noti ya fito ya ce in matsa. Na gyara babur a tsakiyar titi trotro, motocin hayar nan, na yi mini oda a kunne. Nima da Maamobi ba fili. Inda kaza za ta kwanta ma da mai shi.

Hajiya Memuna ce ta tsayar da ni. Tana sayar da waakye, shinkafa da wake, a ƙofar gidanta a Maamobi, kuma ni nake gyara wa marigayi mijinta babur. Ta gan ni da jaka, ta zuba mini abinci, ta nuna kusurwar ƙofar gida ta wajen bango.

Ta ce, "Seidu, zauna can. Ka share kullum. Ran Juma'a ka kwashe tarkacenka kafin kiran salla, sahu yana kawowa har nan."

Haka ne. Masallacin lungun ba ya ɗaukar mutane ran Juma'a. Sahu yana fitowa ya bi lungu, kowa ya shimfiɗa dardumarsa inda ya samu, har ƙofar Hajiya. Muddin wurin ƙasa ne ba matsala. In na zuba yashi a kan mai na share, ba a gani.

Sai ɗanta da ke Turai ya aiko a yi wa ƙofar gida siminti. Aka yi, sumul, fari-fari. Washegari na zuba wa sarƙa ɗaya mai, na ɗaga babur, ga ɗigo a jere kamar an rubuta. Na goge, ya bazu. Na sa sabulu, ya zauna.

Nan Alhaji Issaka ya shigo maganar. Ƙanin mijin Hajiya ne, babban mutum a jiki, mai son farin kaya. Kusurwar nan yake so, zai ajiye wa ɗansa kwantena ya sayar da kayan waya. Bai taɓa ce mini in tashi ba. Kullum da safe sai ya zo ya zagaye ni, hannu a baya, ido a ƙasa, kamar wanda allura ta faɗo masa.

"Seidu, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji."

"Wannan na jiya ne ko na yau?"

"Na shekaranjiya ne."

"To. Suna haihuwa."

Wata Juma'a wani baƙo ya shimfiɗa darduma a kusurwata. Da aka sallame ya ɗaga ta, bayanta ya yi baƙi, gwiwar wandonsa ma ta samu. Alhaji ne ya karɓi dardumar kamar gawa, ya kai wa Hajiya a gaban mutane.

Hajiya ta duba darduma, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba.

Ta ce, "Seidu, na ba ka wuri don Allah. Amma wurin salla ne, kuma abinci nake sayarwa. Juma'a mai zuwa da safe zan shimfiɗa farin ƙyalle, ka yi aikinka a kai ina kallo. In ya fito fari, ka zauna. In na ga ɗigo ɗaya, ka ɗauki jakarka."

Alhaji ya ce, "Ni zan kawo moto, baburin da za a gwada."

Ta ce, "Kawo."

Na san jakar nan. Kafaɗata ba ta manta ta ba.

Kwali na fara shimfiɗawa. Ya sha kananzir, ya jiƙe, ya ba siminti. Na zuba dusar katako. Iska ta kwashe ta kai cikin waakyen wani direba, ya zo har wurina yana tambaya ko sabon yaji ne. Na sa guntun kwanon rufi, ya yanke ni, kuma mai ya bi kwarinsa ya zuba ta ɗaya bakin. Na ajiye tsohon tire a ƙasa, wani ɗan okada ya yi baya ya take shi, abin da na tara ya kife gaba ɗaya. A nan na gane kuskurena. Duk abin da ke ƙasa ƙafa za ta same shi, kuma ɗigo in ya yi tafiya mai nisa kafin ya sauka, inda ya ga dama yake sauka. Dole abin ya hau jikin babur, ya manne wa sarƙa.

A bayan murhun Hajiya akwai rawayan galan na man girki, irin wanda ake ɗiban ruwa da shi in famfo ya ɗauke. Ya tsage ta gefe ɗaya, an yar.

Na ce, "Hajiya, kina son wannan?"

"Me za ka yi da shi?"

"Zan zauna da shi."

Ta ce, "Ɗauka. Kai da shi duk kun tsage."

Ku dubi wanda ke hannunku, haka na yi shi. Na kwantar da galan, gefen da ya tsage a sama. Na sa wuƙa a wuta ta yi ja, na yanke saman, ya zama kwami. Ban taɓa bakin da murfi yake ba, don in mai ya taru a kwance murfi a juye. Bango ɗaya na bar shi dogo, shi ne ke shiga tsakanin sarƙa da taya, don mai in ya taɓa taya ko birki, mai babur zai haɗu da bango a kwana ta farko. Ɗaya bangon na rage shi, hannu da buroshi su shiga. Na yi masa ɗan yanka inda notin taya yake. Na huda da ƙusa mai zafi, na lanƙwasa wayoyin tsohuwar taya biyu suka zama ƙugiya, na rataya a ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Ƙugiyar baya ta fi ta gaba gajarta, don kwamin ya karkata, mai ya gangara wajen murfi.

Da na juya taya, galan ya yi lilo ya goge ta. Na yanko robar cikin taya na ɗaure shi ya tsaya cak. Na gwada a kan babur ɗaya, na gwada a kan wani. Ƙasa ta bushe. Ban faɗa wa kowa ba. Alhaji ya zo zagayensa na safe ya ga galan a rataye a bango, ya ce ko kiwon kaji zan koma. Na ce ina tunani.

Juma'a da hantsi, tukunyar waakye ta kusa ƙarewa, Hajiya ta fito da buhun fulawa da ta farke ta wanke, fari tas. Ta shimfiɗa da hannunta. Masu cin abinci suka juyo da bencinsu. Sai ga Alhaji cikin sabuwar babbar riga fara, ta sha sitaci har tana ƙara, da farar hula. A bayansa Dramani mahauci yana turo baburinsa.

Alhaji ya san abin da ya zaɓo. Sarƙar nan ba a ganin ƙarfenta. Kitse, baƙin mai, yashi, gashin akuya.

Dramani ya ce, "Masta, ni dai an ce in zo, za a yi mini wanki."

Na ce, "Hau da shi kan buhu."

Na ɗaga shi a ƙafar tsakiya, na rataya galan, na ɗaure roba. Na juya taya da hannu ina wankewa. Baƙin ruwa ya riƙa gangarawa cikin kwami kamar gota da damina. Hajiya ta ja kujera ta zauna, idonta a kan buhu. Na bari ta tsane, na ɗauko man giya na bi layin ƙasa a hankali. Ban kai ga gogewa ba Alhaji ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Wannan wasa ne. Wa yake zuba mai haka? Ko'ina kunna moto ake yi, taya na gudu. Yau yana lallaɓawa don muna kallo, gobe in mun juya baya zai kunna. A gwada yadda ake yi."

Na ce, "Ba a kunnawa."

"Kun ji ko?"

Hajiya ta ce, "Seidu, abin naka ba zai iya ba ne?"

To ga inda nake. In na ƙi, Alhaji ya ci, don Hajiya za ta ce akwai abin da nake tsoro. In an kunna, na san abin da zai faru. Sarƙa in tana gudu ba ɗiga take yi ba, feshi take yi. Man da ban goge ba zai zagaya faifan haƙoran baya ya tashi ta baya, sama da bakin galan, ya sauka a kan buhu da siminti. Galan ɗina ƙasa yake tsarewa, bai san baya ba. Ina buƙatar wani abu mai faɗi ya tsaya a bayan tayar nan.

Na duba hagu, na duba dama. A Maamobi gaba ɗaya ranar ba abin da ya kai Alhaji Issaka faɗi.

Na ce, "A kunna. Amma Alhaji, ka tsaya duk inda kake so, ban da bayan taya."

Ya ƙanƙance ido. "Me ka ɓoye a nan?"

"Ba komai."

"Ba komai, amma kada in tsaya?"

"Wurin ba kyau."

"Ta nan yake zuba ke nan. To nan zan tsaya."

Ya zagayo. Bai tsaya ba ma, tsugunawa ya yi, dab da taya, don ya ga ɗigon farko da idonsa. Ya baza rigar a kan gwiwoyinsa hagu da dama kada ta taɓa ƙasa. Ta buɗe kamar labulen shago.

Na ce, "Alhaji, ka tashi daga nan. Hajiya, kin ji na faɗa."

Ta ce, "Na ji."

Alhaji ya ce, "Dramani, kunna."

Na mai da hannuwana baya, na matsa gefe. Dramani ya buga, ya sa giya, ya murɗa. Mahauci bai san kaɗan ba.

Abin bai daɗe ba. Layi ɗaya ya fara daga cikin Alhaji, ya hau ƙirji, ya bi gemu, ya ƙare a hula. Sai na biyu a gefensa. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, ya ga gara ya rufe. Yana son ya tashi, gwiwa ta ƙi, sitaci ya riƙe shi, sai ya ɗaga hannuwa, hannun riga ya ƙara buɗewa ya tare wanda da zai wuce ta gefe. Dramani yana kallon gaba, bai san me ake ciki ba, yana ta ba ta wuta. Sai da na kai hannu na kashe makulli.

Wani ya ƙware da waakye, aka ba shi ruwa.

Hajiya ta tashi. Ta ce a sauke babur. Na cire galan a hankali, Dramani ya tura baburinsa gefe. Ta ɗaga buhu, ta duba gaba, ta juya baya, ta ɗaga shi ga rana. Ta sunkuya ta dubi siminti. Sannan ta ninke buhun ta sa a hammata.

Ta ce, "Fari ne."

Alhaji ya ce, "Da gangan ya yi."

"Ya ce ba a kunnawa, ka ce a kunna. Ya ce ka tashi, ka ƙi. Ina zaune, Issaka, kunnena bai mutu ba."

"Yaya, ki dubi rigata."

"Ina ganinta. Shiga ciki a ba ka ta yayanka, an kusa kiran salla."

Ya shiga. Marigayi gajere ne, ranar Alhaji ya yi Juma'a ƙwaurinsa a waje.

Da mutane suka watse ina kwashe kaya, Hajiya ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Kai ma ba waliyyi ba ne, Seidu."

Na ce, "A'a, Hajiya."

"Wurin naka ne. Amma Issaka ba zai samu zuwa kullum ya tsuguna maka ba. Nemi abin da zai tsaya a madadinsa."

Kafin la'asar na yanko robar cikin tayar mota, mai faɗi, na huda, na ɗaure ta a bayan galan da waya, ta tashi tsaye ta lanƙwaso a kan faifan haƙora. Ko wani wawa ya kunna ina bayan gida, feshin zai bugi roba ya koma kwami. Dramani ne ya fara ganinta da ya dawo. Ya ce, "Cale, abokina, ka yi wa Alhaji riga." Sunan ya zauna.

Man da ke taruwa ma bai zama asara ba. Hajiya tana aiko a juye mata, ana shafa wa katakon rufi saboda gara. Masu gyara daga Nima sun zo sun auna galan ɗin da ido sun tafi sun yanka nasu. Waɗansu sun manta bangon taya, waɗansu sun yanke murfi. Ba ruwana.

Saboda haka in na ce ku kashe inji, ku kashe. In na ce ku rataya galan kafin ku buɗe kananzir, ku rataya. Simintin nan da kuke zaune a kai, a kansa ake sa goshi ran Juma'a, kuma saboda shi ne ba ku yawo da jaka.

Alhaji ya sama wa ɗansa wuri a bakin titi. Yaron ya yi ciniki ya sayi babur. Watan jiya uban ya rako shi nan da kansa, ya tsufa, yana dogara sanda, har yanzu cikin farin kaya. Muka gaisa. Ya zagaya ta gaba, ya tsaya wajen fitila, nesa, ya dafa bango.

Na ɗauko galan zan rataya. Ya nuna da sanda.

Ya ce, "Seidu, ɗaga rigar tawa da kyau. Wannan da ke jikina sabuwa ce."